YINI GUDA DA ƘARAMIN YARO A GIDA: DAGA ASUBA ZUWA KWANCIYA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

  

Darasinmu na yau na masu ƙananan yara ne, daga jariri zuwa ɗan shekara 5. Tambayoyin da suka fi shigo mana kwanan nan daga Gidan Dahala da sauran unguwannin Sakkwato kusan iri ɗaya ne: yaro ya ƙi cin abinci, yaro yana ta gudawa an ce haƙori ne, jiki ya yi zafi tsakar dare kuma maigida ba ya gari. Maimakon mu amsa ɗaya-ɗaya, bari mu bi yinin uwa da ɗanta tun daga kiran assalatu har zuwa kwanciya. Saƙon yana da tsawo, ki adana shi ki karanta idan yaro ya yi barci. Kai ma maigida kada ka ce na mata ne ka wuce, rabonka yana ƙasa.

Cututtukan da suka fi ɗauke mana yara, wato zazzaɓin cizon sauro, gudawa, ciwon haƙarƙari, ƙyanda da tamowa, duk a tsakar gida suke fara nuna kansu, kuma idon uwa ne yake fara gani kafin na likita. Rai da ajali na Allah ne, amma yaro amana ne. Annabi (SAW) ya sanar da mu cewa mace mai kiwo ce a gidan mijinta kuma za a tambaye ta, namiji ma za a tambaye shi game da iyalinsa. Neman sanin lafiya kuma ba baƙon abu ba ne a garin nan, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ya rasu a 1837 ya bar rubuce-rubuce a kan magani.

*1. ASUBA: ADDU'A, SANNAN DUBAWA*

Idan kin idar da sallah, ki fara da yi masa addu'ar tsari. Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa Annabi (SAW) yana nema wa Hasan da Husaini tsarin Allah daga shaiɗan da miyagun ƙwari da mugun ido, kuma da irinta Annabi Ibrahim yake nema wa Isma'ila da Ishaƙa. Gajera ce, tana cikin littattafan azkar, ki haddace ta.

Daga nan sai dubawa, ba ta wuce minti biyu ba:

• Ki sa bayan hannunki a ƙirjinsa ko cikinsa ki ji zafin jiki.
• Ya yi fitsari cikin dare? Idan ya kwana ya hantse bai yi ba, ko ya yi kaɗan kuma ja, ruwan jikinsa ya yi ƙasa.
• Ki ja fatar idonsa ta ƙasa, ki duba tafin hannunsa. Idan sun yi fari fat, jini ya yi ƙasa.
• Ki danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa, ki ƙirga uku. Idan wurin ya lotsa bai dawo ba, wannan kumburin tamowa ne, kada ki ɗauke shi ƙiba.
• Ki buɗe bakinsa ki duba dasashi.

Wannan na ƙarshen mu tsaya a kansa. Akwai cutar da ake kira noma, wasu na ce mata zaizayar baki. Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6, musamman wanda abinci bai ishe shi ba ko wanda ya tashi daga ƙyanda ko zazzaɓi mai tsanani. Da ɗan abu take farawa: dasashi ya yi ja, ya riƙa jini, baki ya riƙa wari, yawu na zuba, sai kumatu ya kumbura. Idan aka bar ta, cikin 'yan kwanaki take cinye naman kumatu da leɓe har ƙashi, kuma mafi yawan yaran da ba su samu magani ba ba sa rayuwa. Amma idan aka kama ta tun tana dasashi, maganin asibiti da wanke baki da abinci mai kyau sun isa da izinin Allah. Ba a ɗaukar ta daga wani, kuma ba aikin iska ba ce. Mu a nan Allah ya yi mana gata, Asibitin Yara na Noma yana cikin garin Sakkwato tun 1999, ƙungiyar likitocin Na-gari Na-kowa tana aiki da shi tun 2014, kuma kyauta ake yi. A Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka noma cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su.

Rigakafinta a gida shi ne sunnar da muka sani, tsaftar baki. Kafin haƙori ya fito, ki goge dasashi da tsumma mai tsafta da ruwan ɗumi. Da haƙori ya fito, ƙaramin burushi mai laushi da man goge baki gwargwadon ƙwayar shinkafa, safe da dare. Idan ya yi wayo ki koya masa asuwaki.

*2. HANTSI: NONO DA ABINCI*

*Kafin wata 6:* nono zalla. Babu ruwa, babu dauri, babu madarar gwangwani, babu ruwan rubutu. Mun san abin da za ki ce: a zafin Sakkwato na watan Afrilu, da ma'auni ke haura 40, a hana yaro ruwa? Fiye da kashi 80 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, kuma tsaftatacce. Idan zafi ya yi yawa, ke ki ƙara shan ruwa, ki ƙara yawan ba shi mama. Duk ruwan da ya sha yana cike gurbin nono a ɗan ƙaramin cikinsa, kuma ta nan gudawa take shigowa. Nonon farko mai kauri da ake kira dakashi, wanda wasu ke matsewa su zubar, shi ne rigakafin farko da Allah ya tanadar masa. Idan addu'a kike son ta same shi, ki karanta ki tofa a tafin hannunki ki shafe jikinsa, kamar yadda Nana A'isha ta ruwaito Annabi (SAW) yana yi da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi idan zai kwanta.

*Maganar zuma:* Alƙur'ani ya ambaci warakar da ke cikinta a Suratun Nahli, wannan babu shakka. Sai dai kowane magani da lokacinsa da wanda ya dace da shi. Kada a ba yaron da bai cika shekara 1 ba zuma, ko lasawa. Akwai ƙwayar cutar da kan ɓuya a cikinta, ko zumar ta fi kowace kyau. Hanjin babba yana iya da ita, na jariri bai yi ƙwari ba, sai ta fitar da guba mai kashe jijiyoyi: yaro ya yi laushi, ya kasa tsotso, ya kasa numfashi. Tahnikin da ya tabbata a hadisi da dabino aka yi shi, ɗan shafawa ne a ganɗa. Bayan shekara 1 kuwa, rabin cokalin shayi na zuma kafin barci yana sauƙaƙa tari.

*Daga wata 6:* a fara abinci, a ci gaba da nono. Kuskuren da ya fi yawa shi ne kunu mai ruwa tsararo. Cikin yaro ƙarami ne, idan ya cika da ruwan kunu ya ƙoshi amma bai ci komai ba. Kunun yaro ya yi kaurin da zai tsaya a cokali idan an karkata shi. Ga haɗin gari mai sauƙi:

• gero ko dawa, gwangwani 6
• waken suya, gwangwani 3
• gyaɗa, gwangwani 1

A tsince, a zubar da duk gyaɗar da ta yi baƙi ko fumfuna. A soya kowanne daban sama-sama, a surfe waken suya a fece dusar, a haɗa a niƙa, a adana a mazubi mai murfi. Idan kin dama, ki zuba ƙaramin cokali na manja ko man gyaɗa. A kan wannan ki riƙa ƙara abin da Allah ya hore: dafaffen ƙwai, garin busasshen kifi da aka cire wa ƙaya, 'yar hanta, wake da aka dafa ya yi luguf, zogale, kabewa, mangwaro a lokacinsa. Ɗan wata 6 zuwa 8 ya ci sau 2 ko 3 a yini. Daga wata 9 zuwa shekara 2, sau 3 ko 4, da ɗan abin taɓawa a tsakani.

Ki ba shi kwanonsa daban. Idan ya sa hannu da yayyensa a kwano ɗaya, kafin ya kai loma biyu sun share, ke kuma kina ganin ya ci. Ki wanke hannunki da nasa da sabulu, ki koya masa bisimilla da cin abinci da dama, kamar yadda Annabi (SAW) ya koya wa Umar ɗan Abu Salama yana yaro a gabansa, cikin lallashi.

*Ɗura* kuwa, wato a danne yaro a toshe masa hanci a zuba kunu yana kuka, a daina ta. Kunun yana iya bi ta hanyar iska ya sauka a huhu. Yara sun rasu a hannun iyayensu ta wannan hanya. Idan ya ƙi ci, ki bar shi ya huce, ki sake gwadawa kaɗan-kaɗan.

*Yaye:* Suratul Baƙara aya ta 233 ta ambaci shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa, likitoci ma abin da suke cewa ke nan. Malaman tarihi sun kawo cewa Sayyidina Umar ya ji kukan yaro cikin dare, ya tarar uwar tana son yaye shi da wuri ne saboda baitulmali ba ya ba yaro rabo sai an yaye shi. Da gari ya waye ya sauya dokar, ya ce kowane jariri yana da rabo tun daga haihuwa. Idan lokacin yaye ya yi, a rage a hankali cikin makonni. Yayen rana ɗaya, a shafa ɗaci a mama a kai yaro gidan kaka, yakan zama mafarin tamowa. Idan kuma ciki ya shiga kina shayarwa, nonon bai zama guba ba. Ki ƙara cin abinci, ki fara awo, ki tambayi ma'aikaciyar asibiti.

*3. WANKA DA KWALLI*

Kwallin da hadisi ya yaba shi ne ismid. Amma da yawa daga dutsen kwalli mai ƙyalƙyali da ake sayarwa a kasuwa dalma ce. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka sun samu gubar dalma a jinin wani jariri, da aka bincika sai aka gano daga kwallin da aka kai daga Najeriya ne, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce. Yaro yana murza ido ya sa hannu a baki, haka take shiga jikinsa. Mu maƙwabtan Zamfara mun san aikin dalma: a 2010 yara fiye da 400 suka rasu a yankunan Anka da Bukkuyum saboda niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje. Kaɗan ɗinta ba ta kisa nan take, amma tana dakushe ƙwaƙwalwa a hankali, sai yaro ya shiga makaranta a ce ba ya ganewa. Tunda ba ki da hanyar bambance mai kyau da marar kyau da ido, ki bar idon yaro haka nan. Ba a barin wajibi, wato kare shi daga cuta, don abin da ba wajibi ba.

*4. AZAHAR: ZAFI, RUWA DA GUDAWA*

Da rana tsaka yaro ya zauna a inuwa da riga marar nauyi. Wanda ya haura wata 6 ki riƙa miƙa masa ruwa ba sai ya nema ba. Ruwan shansa a tafasa, a zuba a mazubi mai murfi, a riƙa tsiyayowa, kada kowa ya riƙa tsoma moɗa. Kashin yaro a zuba shi a masai a wanke hannu da sabulu, domin yana ɗauke da cuta kamar na babba.

Idan ya yi kashi mai ruwa sau 3 ko fiye a yini, gudawa ce. Nan ne za ki ji an ce, "ai haƙori na, ƙyale shi." Fitowar haƙori tana sa ƙaiƙayin dasashi da zubar yawu da rigima, amma ba ta kawo gudawa mai yawa ko zazzaɓi mai zafi. Abin da ke faruwa shi ne lokacin haƙori ya yi daidai da lokacin rarrafe, yaro yana kai duk abin da ya tsinta baki. Kuma a yi hattara da magungunan haƙori na kwalba. Tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009 yara 84 suka rasu a ƙasar nan saboda wani maganin haƙori mai suna My Pikin da aka samu guba a cikinsa.

Abin da ke kashe yaro a gudawa shi ne ƙarewar ruwan jiki, kuma ɗan ƙaramin yaro yana iya ƙafewa cikin yini ɗaya. Don haka kada gidanki ya rabu da abu biyu: ledar ORS da ƙwayar zinki. Suna da araha a kemis da asibitin unguwa.

• Ki karanta jikin ledar ORS. Mafi yawa a lita 1 ake zubawa, wato ledar fiya wata 2. Ki juye duka, kada ki raba garin.
• Idan babu, ki haɗa na gida: tafasasshen ruwa lita 1, sukari cokalin shayi 6, gishiri rabin cokalin shayi. A shafe bakin cokalin, kada ya yi tozo. Gishiri ya yi yawa yana cutarwa.
• Bayan kowace gudawa, wanda bai kai shekara 2 ba ya sha kwata zuwa rabin kofi. Wanda ya haura, rabi zuwa kofi guda. Da cokali, a hankali.
• Idan ya yi amai, ki jira minti 10 ki ci gaba, a hankali fiye da da.
• Abin da ya kwana ya kai awa 24 a zubar a haɗa sabo.
• Zinki: ƙwaya 1 mai miligiram 20 kullum, kwana 10 zuwa 14, ko gudawar ta tsaya. Wanda bai kai wata 6 ba rabin ƙwaya, a narka a nonon da aka tatsa a cokali.
• Kada a dakatar da nono ko abinci.

Idan maɗigarsa ta faɗa, ruwan jikinsa ne ya ƙare. Liƙa mata magani a ka ba zai ɗago ta ba, ruwa ne zai ɗago ta. Maɗiga ta faɗa, ido ya zurma, ko kin ja fatar cikinsa ta ƙi komawa da sauri, ko kin ga jini a kashin, to ki ɗauki ORS ɗinki a gora kina ba shi a hanya, sai asibiti.

*5. LA'ASAR: AIKI, WASA DA HAƘURI*

Wannan ne lokacin da hankalinki ya rabu: tukunya a wuta, wanki bai ƙare ba, yaro yana bin ki yana kuka. Yawancin haɗurran gida a nan suke faruwa. Ki durƙusa daidai tsawonsa ki kalli tsakar gidanki, abin da ido ya gani hannu zai kai.

• Kananzir, fetur, fiya-fiya da shinkafar ɓera a ɗaga su sama, kuma kada a zuba su a gorar lemo. Idan ya sha kananzir, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara. Amai ne yake kai shi huhu. Asibiti kai tsaye.
• Bokiti da baho a kife su, rijiya a rufe da murfi mai nauyi. Ruwa kaɗan ya isa ya halaka mai rarrafe, kuma ba za ki ji motsi ba.
• Ƙuna: a zuba ruwa mai sanyi na tsawon minti 20. Ba ƙanƙara, ba man goge baki, ba ɗanyen ƙwai, ba gishiri.
• Gyaɗa, aya, ƙwallon dabino, alawa mai tauri da kuɗin ƙarfe suna shaƙe ƙananan yara.

Kada a ba yaro maganin mura ko na tari don ya yi barci a samu a yi aiki. Waya ma ba mai raino ba ce. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce wanda bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban allo, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a yini. Yaro daga bakin mutane yake koyon magana. Ki goya shi ko ki zaunar da shi nesa da murhu, ki ba shi murfin tukunya da ludayi, kina aiki kina yi masa hira, kina faɗa masa sunan abin da ke hannunki.

Kada ki ga kamar wasa da yaro ɓata lokaci ne. Annabi (SAW) ya yi sallah yana ɗauke da jikarsa Umama, idan zai yi sujada ya ajiye ta, idan ya tashi ya ɗauke ta. Yakan gajarta sallar jam'i idan ya ji kukan yaro saboda tausayin uwarsa. Yakan tsaya ya tambayi ƙanin Anas labarin ɗan tsuntsunsa. Ya kuma gargaɗi wata uwa da ta kira ɗanta da alkawarin ba shi abu, cewa da ba ta ba shi ba da an rubuta mata ƙarya. To ina ga "ga dodo nan" da "zan kira mai allura" da muke yi kullum? Daga baya kuma mu yi mamakin yaro yana ihu a ƙofar asibiti.

Idan ranki ya ɓaci, kin gaji, kukan ya ƙi ƙarewa: ki kwantar da shi a wuri mai aminci, ki fita tsakar gida, ki yi a'uziyya, ki yi alwala. Kada ki girgiza jariri ko kaɗan, jijiyoyin ƙwaƙwalwarsa suna iya fashewa. Ki kuma kiyaye bakinki, Muslim ya ruwaito hani ga yi wa 'ya'ya muguwar addu'a, kada ta dace da lokacin amsawa. Idan baƙin ciki da kuka da rashin barci sun zauna miki makonni bayan haihuwa, wannan lalura ce da ke samun mata da yawa kuma tana da magani. Ki faɗa wa mijinki, ki faɗa a asibiti.

*6. MAGARIBA: A SHIGO DA YARA, A RUFE KWANO*

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Jabir umarnin a tsare yara a gida idan duhu ya fara shiga, a rufe ƙofofi da sunan Allah, a rufe kwanoni da mazuban ruwa, a kashe wuta kafin barci. Muna bi don umarni ne, kuma amfaninsa ga lafiya a fili yake. Kwanon da aka rufe ya tsira daga ƙuda da kyankyaso da ɓera. Garwashin da aka shiga da shi ɗaki da hunturu aka rufe ƙofa, da janareton da aka kunna kusa da taga, suna fitar da iskar da ba ta da wari amma tana kashe mutane cikin barci.

Sauron da ke kawo zazzaɓi daga faɗuwar rana zuwa asuba yake aiki. Ko a waje kuke kwana saboda zafi, a ɗaura gidan sauro, a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ko tabarma, a ɗinke inda ya yage. Idan damina ta kama, ma'aikata suna bi gida-gida wata-wata, galibi daga Yuli zuwa Oktoba, da maganin rigakafin zazzaɓi na yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5. Na ranar farko a gabansu ake sha, na rana ta biyu da ta uku a hannunki yake. Ki ba shi, kada ki ajiye wai sai ya yi rashin lafiya.

*7. DARE: IDAN JIKI YA YI ZAFI*

Hadisi ya yi umarni da sanyaya zazzaɓi da ruwa. Ki cire masa kaya masu nauyi, ki goge jikinsa da tsumma da ruwa mai ɗan ɗumi, ba mai ƙanƙara ba. Ki ba shi nono ko ruwa, da farasitamol na yara daidai awon da aka rubuta wa shekarunsa. Ba a ba yaro asfirin. Farasitamol zafi kawai yake saukarwa, don haka da safe a je a yi gwajin jini. Idan maleriya ce, a sha maganin kwana 3 cif, ko ya warware a rana ta biyu.

Idan an ce belu ne ya sauko a kira wanzami, ki tuna da Ummu Ƙais bint Mihsan. Ta zo wa Annabi (SAW) da ɗanta bayan ta danna masa maƙogwaro da yatsa saboda ciwon wuya, sai ya hana azabtar da yara ta wannan hanya, ya nuna mata magani mai sauƙi. Idan dannawa da yatsa an hana, ina ga aska? Cire belu yana jawo zubar jini da cututtukan da ake ɗauka ta ƙarfe, kuma belun ba shi ne ya kawo zazzaɓin ba.

*Alamomin da ba a jira gari ya waye:*

• Ya kasa tsotso ko shan komai.
• Duk abin da ya sha sai ya amayar.
• Jijjiga. Ki kwantar da shi ta gefe. Kada a cusa cokali a baki, kada a ɗura komai, kada a turara hayaƙi. Ana addu'a ana tafiya.
• Barci mai nauyi, ana tashinsa ba ya farkawa sosai.
• Wuya ya sanƙare, ko maɗiga ta kumbura.
• Numfashi da sauri. Ki ƙirga na minti 1 cur yana kwance shiru: 60 ko fiye ga wanda bai kai wata 2 ba, 50 ga ɗan wata 2 zuwa 11, 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5. Ko ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki idan ya ja numfashi.
• Duk zazzaɓi a jaririn da bai kai wata 3 ba.

Asibitin Ƙwararru, Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo duk suna cikin garin nan. Ki nufi wanda ya fi kusa.

*8. RABON MAIGIDA*

Malam, sau da yawa uwa ta ga alamar tun da wuri, abin da ya tsayar da ita shi ne kai ba ka nan, wayarka ba ta shiga, ba ta da izinin fita kuma ba ta da ko sisi. Wannan jinkirin naka ne, gyaransa ma naka ne. Yau ɗin nan ka yi abu huɗu:

1. Ka ba ta izini tun yanzu, da bakinka, cewa duk ranar da ta ga ɗaya daga cikin alamomin nan ta fita ba sai ta same ka ba. Ka sanar da mahaifiyarka ma, don kada a hana ta.
2. Ka ware kuɗin asibiti a hannunta waɗanda ba a taɓawa don cefane.
3. Ka sa mata lambar mai keke ko ɗan kabu-kabun da ka yarda da shi, wanda zai ɗauki waya ko tsakar dare.
4. Ka karɓi katin rigakafi ka duba da idonka: ranar haihuwa, sati 6, sati 10, sati 14, wata 9, da ta ƙyanda ta biyu a wata 15. Da irin wannan ne aka kai ga ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji a watan Agustan 2020, kuma Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar yana cikin waɗanda suka tsaya a kan aikin.

Idan ka dawo da yamma, ka karɓi yaron ta samu ta yi wanka ta ci abinci a zaune. An tambayi Nana A'isha abin da Annabi (SAW) yake yi a gida, ta ce hidimar iyalinsa yake yi har lokacin sallah ya yi. Tsiren da za ka ci a majalisa kuma, ka tuna ƙwai ɗaya ko 'yar hanta a kwanon ɗanka ta fi shi amfani.

Allah ya raya mana zuri'a a kan Musulunci, ya ba marasa lafiya lafiya, ya saka wa iyaye mata da Aljanna. Waɗanda suka rasa 'ya'ya Allah ya sa masu ceto ne.

A tura wa 'yan uwa, kuma a karanta wa wadda ba ta da waya. Mai tambaya ya turo, za mu amsa a darasi na gaba in sha Allahu.